Me Ya Sa Ruwan Tafkin Gishiri Ba Ya Jin Asid?



Kukan masu tafkin ninƙaya na gishiri kusan iri ɗaya ne ko'ina, tun daga Ostireliya inda wannan fasaha ta fara kankama a shekarun 1970, zuwa jihohin Amurka masu zafi irin su Fulorida da Arizona, har zuwa gidajen da suka fara sa ta a Abuja da Kano. Mutum ya zuba asid ranar Asabar, ya gwada ruwa ya ga lambar pH ta sauko 7.4, hankalinsa ya kwanta. Kafin Laraba ta koma 8. Ya sake zubawa, ta sake hawa. Daga nan sai zargi ya fara yawo: ko na'urar ƙera kulorin ce ta lalace, ko mai shago ne ya tsinka asid ɗin da ruwa, ko yaron da ke kula da tafkin ne ba ya aikinsa. Abin da nake so in kafa hujja a kansa yau shi ne, pH alama ce kawai. Abin da ke ingiza ta sama shi ne alkaliniti, kuma tafkin gishiri ya fi zama lafiya idan alkalinitinsa bai kai abin da aka saba rubutawa a jikin kwalin kayan gwaji ba. Wanda ya sauko da shi sannu a hankali zuwa tsakanin 60 da 80, ya kuma san irin ruwan da yake ƙarawa, zai rage sayen asid, na'urarsa kuma za ta daɗe.

Da farko dai a gane cewa tafkin gishiri tafkin kulorin ne, bambancin kawai shi ne a gida ake ƙera kulorin ɗin. Ana narkar da gishiri kimanin giram 3 a kowace lita, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na gishirin ruwan teku ba, wanda yake da giram 35. Tafki mai tsawon mita 10, faɗin mita 4, da zurfin mita ɗaya da kwata yana cin lita 50,000, saboda haka zai sha gishiri kilo 150 ko sama kaɗan. Famfo yana tura wannan ruwa ya ratsa ta wani bututu da ma'aikata ke kira sel, a cikinsa akwai jerin faranti na ƙarfen titaniyam da aka shafe da siririn rufi na wasu ƙarafa masu tsada, rutiniyam ko iridiyam. Idan wutar lantarki ta bi ta farantan, a gefe ɗaya kulorin ke fita ya narke a ruwa ya kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka, a ɗaya gefen kuma iskar haidurojin ce ke fita tare da sinadarin soda mai kaifi. Bayan kulorin ya gama aikinsa sai ya koma gishiri, a sake juya shi. Duk dokar da ta hau kan tafkin kulorin ta hau kan wannan, har da wasu na ƙari.

Lambobi biyu ne ake yawan gaurayawa. Ma'aunin pH, wanda masanin kimiyya ɗan Denmak Soren Sorensen ya fito da shi a 1909, yana faɗin inda ruwa yake a wannan lokaci: ƙasa da 7 yana da tsami, sama da 7 ya karkata wajen kishiyar tsami. Kowane mataki ɗaya a kansa ninki goma ne, don haka tazarar 7 da 8 ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na wuraren ninƙaya na 2006, ta ce a riƙe shi tsakanin 7.2 da 7.8 inda ake amfani da kulorin. Shi kuwa alkaliniti yana faɗin yawan tsamin da ruwa zai iya shanyewa kafin ya sallama, ana auna shi da miligiram a lita, abin da za ku ga an rubuta ppm. Mafi yawansa sinadarin baikabonet ne, ɗan'uwan abin da ke cikin kanwa. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a ruwan tsamiya ko a miyar yakuwa ta ga abin da ke faruwa: kumfa ta taso, tsami ya mutu. Wannan kumfar iskar kabon dayoksaid ce. Asid ya ci baikabonet, ya mayar da shi iska. Ku riƙe wannan, domin duk maganar yau a kansa take juyawa.

A tukunya kumfar nan take take ficewa, amma a tafki ba ta da yawan da za ta yi kumfa, sai ta zauna a narke cikin ruwa. Iskar kabon kuwa idan ta narke a ruwa tana da ɗan tsami, kuma ita ce take riƙe pH a ƙasa. Matsalar ita ce ba ta son zama. Tun 1803 masani ɗan Ingila William Henry ya nuna cewa yawan iskar da ruwa zai riƙe ya danganta da yawanta a sararin da ke samansa. Iskar kabon da ke sararin samaniya 'yar kaɗan ce, kashi 420 cikin miliyan ko kusa da haka. Ruwan tafki mai alkaliniti 100 da pH 7.5 yana ɗauke da kusan ninki goma na abin da zai iya riƙewa idan aka bar shi da iska. Don haka dare da rana tana sulalewa ta saman ruwa, kuma duk lokacin da ta fita, tsami ya ragu, pH ya hau, alhali alkaliniti yana nan bai motsa ba. Idan ba a taɓa ruwan ba zai yi ta hawa har ya wuce 8 kafin ya tsaya. Gwargwadon yawan alkaliniti, gwargwadon yawan iskar da ke neman hanyar fita, gwargwadon saurin hawan da kuma tsayin inda zai tsaya. Mai alkaliniti 180 da ke zuba asid kowane mako don ya ga 7.4 yana ƙera sabuwar iskar kabon ne da hannunsa, ita kuma ta fice, ruwa ya koma inda ya fito.

Wani zai ce ai na'urar ce da kanta take fitar da soda, saboda haka hawan pH ƙaddarar tafkin gishiri ce, ba yadda za a yi. Gaskiya ne soda tana fita, amma lissafin bai ƙare a nan ba. Kulorin idan ya narke a ruwa yana ba da asid wanda ke kashe rabin sodar nan take, sannan idan ya kashe ƙwayar cuta ko rana ta ƙone shi, sai ya bar wani asid ɗin da ke kashe sauran rabin. In an bi zagayen har ƙarshe, kusan babu riba babu asara, sai dai ɗan abin da ya tsere na iskar kulorin kafin ta narke. Ainihin laifin na'urar a wani wuri yake. Ku tsaya kusa da bakin bututun da ke mayar da ruwa cikin tafki lokacin da sel ke aiki, za ku ga ƙananan kumfa kamar hayaƙi suna fitowa suna tashi sama. Haidurojin ke nan. Kowace ƙwayar kumfa tana kwasar iskar kabon a hanyarta ta fitar da ita waje. In aka haɗa da ruwan ado mai zubowa daga bango, da famfon feshi, da yara masu tsalle suna faɗawa, sai fitar iskar ta ninka. Na'ura tana buɗe ƙofa ne kawai, yawan abin da zai bi ta ƙofar kuwa alkaliniti ne ke yanke shi, shi kuma yana hannun mai tafki.

Ɓarnar da ke biyo baya iri biyu ce. Ta farko ita ce raunin kulorin. A ruwan da babu wani ƙari, ɓangaren kulorin mai kaifin kisa kusan kashi 75 cikin ɗari ne a pH 7, ya koma rabi a 7.5, ya faɗo kusan kwata a 8. Adalci ne a faɗa cewa a tafkin da aka sa asid ɗin sayanurik, wanda ke kare kulorin daga rana, wannan bambanci bai kai haka tsanani ba. Ɓarna ta biyu ce ta fi cin aljihu. Kalsiyam da ke cikin ruwa yana haɗuwa da kabonet su zama farin ɓawo mai tauri, kuma abu biyu ne ke hanzarta wannan: zafi da hawan pH. Babu inda suka haɗu kamar fuskar farantin da ke fitar da soda. Idan aka kwance sel ɗin da ya sha irin wannan ruwa aka ɗaga shi ga haske, za a ga tsakanin faranti ya toshe da farin abu kamar busasshen siminti, wani lokaci ma a ga ɓarɓashinsa fari-fari a ƙasan tafki daf da bakin bututu. Na'urori da yawa suna juya wutarsu lokaci-lokaci don ɓawon ya ɓamɓare, amma idan ya yi yawa sai an jiƙa sel a ruwan asid, kuma kowane wanki yana ɗan cin rufin nan mai tsada. Sel ɗin da ya kamata ya yi shekara 3 zuwa 7 sai ya mutu tun kafin lokacinsa.

Hanyar saukar da alkaliniti ta fito ne daga abu biyu da muka riga muka gani. Asid yana saukar da pH da alkaliniti tare. Fitar iskar kabon kuwa pH kaɗai take ɗagawa. Saboda haka sai a haɗa su bi da bi: a zuba asid har pH ya sauko 7.0 zuwa 7.2, sannan a kunna duk abin da ke kaɗa ruwa, a juya bakin bututun mayarwa ya kalli sama yadda zai riƙa fasa fuskar ruwa, a bar shi har pH ya koma 7.6 ko 7.8, a sake zuba asid. Kowane zagaye yana gutsurar alkaliniti, pH kuwa yana dawowa kyauta. Lissafinsa mai sauƙi ne. Asid ɗin haidurokulorik da ake sayarwa don tafki, mai ƙarfin kashi 31 cikin ɗari, lita ɗaya tana rage alkaliniti da 10 a ruwa lita 50,000. Wanda yake kan 180 yana son 80 yana bukatar lita 10 gaba ɗaya, amma a zagaye ɗaya bai wuce lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, kuma adadin yana raguwa yayin da alkaliniti ke sauka. Aikin kwanaki ne, wani lokaci mako biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya juye lita goman a tashi ɗaya zai kai ruwan wani tsami da zai ci filasta, ya ci siminti tsakanin tayil, ya lalata ƙarfen tsani da na tukunyar ɗumama ruwa.

Akwai wata al'ada da ta daɗe a bakin masu sana'ar, cewa idan aka kashe famfo aka tsiyaya asid wuri ɗaya a ɓangare mai zurfi, zai ci alkaliniti ya bar pH. Babu wannan a kimiyya. Lita ɗaya ta asid adadin baikabonet ɗaya take ci, ko a wuri guda aka zuba ta ko an zagaya da ita. Abin da kawai ake samu shi ne asid, da yake ya fi ruwa nauyi, ya kwanta a ƙasa ya ƙona shafen wurin. Haka kuma garin asid, wato sodiyam baisalfet, ko da yake ya fi sauƙin ɗauka, yana tara salfet a ruwa, wanda ba ya yi wa siminti da farantin sel daɗi in ya taru, shi ya sa na ruwa ya fi dacewa da tafkin gishiri.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta mai cewa: littattafan sana'a da kwalayen gwaji sun ce 80 zuwa 120, wane ne kai da za ka ce 60 zuwa 80? Amsar tana cikin irin tafkin da wannan adadi ya dace da shi. Ƙwayoyin kulorin da ake jefawa a tafkin gargajiya, waɗanda ake kira tiraikulo, tsami gare su ƙwarai, pH ɗinsu kusan 3 ne. Kullum suna cin alkaliniti suna jan pH ƙasa, don haka mai amfani da su yana bukatar ajiya mai yawa, kuma fitar iskar kabon taimakonsa take yi domin tana mayar masa da abin da ƙwayar ta ja. Tafkin gishiri ba shi da mai ja ƙasa. Duk abin da ke cikinsa sama yake turawa. Ɗaukar adadin da aka yanka wa wancan a ɗora wa wannan shi ne ke haifar da sayen asid mara ƙarewa. Kada dai a zarce: ƙasa da 50 ko 60 ajiyar ta yi kaɗan, asid ɗan kaɗan ko ruwan sama mai yawa na iya wurga pH ƙasa. In hakan ta faru, giram 850 na sodiyam baikabonet yana ɗaga lita 50,000 da 10.

Mai gini kuma zai ce ruwa mai ƙarancin alkaliniti yana cin filasta. Tsoronsa yana da tushe, amma ba lamba ɗaya ce ke yanke hukuncin ba. A 1936 Farfesa Wilfred Langelier na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili ya fito da lissafin da har yau ake kira da sunansa, wanda ke haɗa pH, zafin ruwa, kalsiyam, alkaliniti da yawan narkakkun ma'adanai ya ba da lamba guda. Idan ta faɗi ƙasa da −0.3 ruwa yana jin yunwar kalsiyam, zai ci bango. Idan ta haura +0.3 ya ƙoshi, zai yi aman ɓawo. A wannan lissafi, raba alkaliniti biyu yana rage 0.3, ɗaga pH da 0.3 yana mayar da ita daidai. Saboda haka mai alkaliniti 70 zai bar pH ɗinsa ya zauna a 7.6 zuwa 7.8, ya riƙe kalsiyam kusa da 300 cikin iyakar 200 zuwa 400 da aka saba, sai ya samu kansa cikin iyaka, kuma a wurin da ruwa ba ya gardamar zama. Mai alkaliniti 180 da pH 8.1 a ruwa mai ɗumi kuwa yana kusa da +0.7. A lura da abu biyu wajen lissafin: gishiri da kansa yana ɗan jan lambar ƙasa, sannan kusan kashi ɗaya cikin uku na sayanurik yana shiga cikin abin da gwaji ke nunawa a matsayin alkaliniti, sai an cire shi. Mai sayanurik 60 da gwaji ya ba shi 80, na kabonet ɗinsa 60 ne.

Saura tambayar da ta fi shafar mu a wannan yanki: in an saukar da shi, me ke dawo da shi? Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, to haka ma ba ya rasa tsami banza. Rana da iska suna ɗebe ruwa zalla su bar ma'adanai a baya, mai tafki kuma ya cike gurbin da ruwan rijiyar burtsatse ko na tanka. A wuraren da ƙasa ke da dutsen farar ƙasa, kamar yankin Kalambaina a Sakkwato ko Ashaka a Gombe inda ake haƙarsa don siminti, ruwan ƙasa kan ɗauko baikabonet da kalsiyam daga dutsen. Mu ƙaddara tafkinmu mai faɗin murabba'in mita 40 yana rasa milimita 5 a rana a lokacin hunturu ko bazara. Lita 200 ke nan kullum, 6,000 a wata. Idan ruwan cikon yana da alkaliniti 250, kowane wata yana ƙara wa tafkin 30, wanda zai ci lita 3 ta asid kafin ya koma yadda yake. Shi ya sa shawarar a zubar da ruwa a sake sabo ba ta da amfani sai an gwada sabon, don in daga rijiya ɗaya suka fito, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Murfin tafki yana rage ƙafewa da fitar iskar kabon a lokaci guda, sai dai a rage ƙarfin na'ura idan an rufe, domin kulorin zai taru. Ruwan damina kusan ba shi da alkaliniti, yana taimakawa, amma yana tsinka gishiri da sayanurik, sai an sake auna su. Sabon filasta shi ma yana tura pH sama na tsawon watanni, wannan haƙuri yake so.

Duk wannan ba ya yiwuwa da ƙiyasin ido. Takardar tsomawa tana ba da kusa-kusa ne kawai, gwajin ɗigo ya fi. A ɗebo ruwa daga zurfin gwiwar hannu nesa da bakin bututu, a cika kwalbar gwaji zuwa layin mililita 25, a sa maganin da zai mayar da shi kore, sannan a riƙa ɗiga asid ɗin gwaji ɗaya bayan ɗaya ana juyawa ana ƙirgawa har ya koma ja. Kowane ɗigo 10 ne, ɗigo 18 yana nufin 180. A gwada pH da kulorin sau biyu ko uku a mako, alkaliniti sau ɗaya, kalsiyam, gishiri da sayanurik kowane wata, a rubuta a littafi da kwanan wata, domin saurin hawan pH tsakanin gwaji biyu shi ne shaidar ko alkaliniti ya kai inda ya dace da wannan tafkin. Wajen zuba asid kuwa, a sa safar hannu da tabarau, a ba iska baya, famfo yana aiki. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Kada a taɓa haɗa shi da kulorin a bokiti ɗaya ko a ajiye su kusa da juna, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai kisa, kuma a kulle shi inda yara ba sa kaiwa.

Don haka wanda zai koma bakin aikinsa gobe, ya fara da gwada ruwan da yake ciko da shi kafin na tafkin. Ya saukar da alkaliniti zagaye-zagaye har ya ga pH yana yin mako bai wuce 7.8 ba, ya tsaya nan ko da 70 ne ko 80, ya daina neman 7.2, ya daidaita kalsiyam da lissafin Langelier, ya leƙa sel ɗinsa kowane wata uku.